Wa ya ce fuskarmu ba ta sayar da kaya?

Yau za mu taɓo abin da da yawa daga cikinmu suke ɗauka shirmen yara ne, wato wasannin bidiyo, waɗanda samarinmu ke kira gem. Maganarmu a kan hoton da ake bugawa a fuskar kwalin wasan take, da allunan talla, da ɗan gajeren bidiyon da ake saki kafin wasan ya fito. Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska. To fuskar kwali ita ke faɗa mana abin da ke zuciyar kamfanin: wa ya ɗauka mutum, wa ya ɗauka ado, wa ya ɗauka abin harbi.

Kada wani ya ce wannan ba ruwanmu. Ka shiga Agege ko Mile 12 a Legas, ka shiga Sabo a Ibadan, ka leƙa kowace unguwar Hausawa a kudu, za ka tarar da gidan gem cike da yaranmu. Wanda bai je can ba, wayar uwarsa tana hannunsa. Harkar nan tana juya sama da dala biliyan 180 a shekara a duniya. Wasan Grand Theft Auto V kaɗai ya tara dala biliyan 1 cikin kwana 3 da fitowarsa a 2013. Mai irin wannan kuɗi ba ya manna hoto a kwali da ka. Sai an zauna taro, an gwada hoton a kan masu saye, an yi gardama, sannan a buga. Duk abin da ka gani a fuskar kwali, wani ne ya zaɓe shi, kuma yana da dalilinsa.

Dalilin da suka daɗe suna bayarwa guda ɗaya ne: wai in an sa mace a gaba, ko aka sa baƙar fata, kaya ba zai fita ba. Mu kuma muna cewa wannan magana ƙarya ce da masu faɗinta suke ciyar da ita da hannunsu. Ga hujjojinmu.

Mu fara da mata. A 2013 wani kamfanin Faransa mai suna Dontnod ya fitar da wasan Remember Me, jarumarsa mace ce mai suna Nilin. Daraktan wasan, Jean-Maxime Moris, ya faɗa wa 'yan jarida cewa akwai manyan dillalan da suka ƙi karɓar wasan don kawai mace ce jaruma. A wannan shekarar dai aka fitar da BioShock Infinite. Duk wanda ya buga shi ya san labarin ya rataya ne a wuyan wata yarinya, Elizabeth. Amma a fuskar kwalin sai aka sa namiji shi kaɗai, ya saɓa bindiga a kafaɗa, ita kuma aka tura ta baya. Shugaban masu ƙirƙirar wasan, Ken Levine, bai ɓoye ba: ya ce an yi hoton ne don jawo samarin da ba su san wasan ba. Haka aka so a yi wa The Last of Us, shi ma a 2013. An matsa wa kamfanin Naughty Dog ya mayar da yarinyar wasan, Ellie, bayan kwali. Suka ƙi. Suka sa ta a gaba, namijin yana bayanta. Zuwa 2018 wasan ya sayar da sama da kwafi miliyan 17. Ina asarar da aka yi musu barazana da ita?

Na kamfanin Ubisoft ya fi ban takaici. A 2014 da aka tambaye su me ya sa babu mace cikin waɗanda za a iya zaɓa a wasan haɗin gwiwa na Assassin's Creed Unity, sai suka ce ƙera mace zai ninka musu aiki. Kamfanin da ya gina birnin Faris na zamanin juyin juya hali gida-gida a cikin kwamfuta, shi ne zana mace ya gagara! A 2020 kuma ɗan jarida Jason Schreier ya wallafa bincike a Bloomberg cewa asalin shirin Assassin's Creed Odyssey na 2018 shi ne Kassandra ta zama jaruma ita kaɗai, amma manya suka ce mace ba ta sayarwa, aka ƙara namiji, Alexios. Da aka zo buga kwalin da aka fi sayarwa a shaguna, fuskar wa aka sa? Ta Alexios.

Yanzu ga inda dabarar take. A 2012 kamfanin bincike na EEDAR ya duba wasanni 669, ya tarar 24 kacal ne suke da jaruma mace ita kaɗai, kuma kuɗin tallar da ake kashe wa irin waɗannan wasanni bai kai rabin wanda ake kashe wa na maza ba. Ku da kuke kasuwa kun fi kowa gane wannan. Ka kawo kaya iri biyu, ka jera ɗaya a bakin shago, ka saki amsa-kuwwa kana yabonsa, ɗayan ka cusa shi ƙarƙashin teburi. Da yamma ka lissafa ciniki, ka ce ai ka gani, na ƙarƙashin teburi ba ya tafiya. Laifin kayan ne ko laifin mai shago? Kai ka yanke hukuncin tun da safe, ciniki ya tabbatar maka da abin da ka riga ka shirya.

Kuma duk lokacin da aka jera kayan a bakin shago, ana gani. Jerin wasannin Tomb Raider, wanda ya fara a 1996 da jaruma Lara Croft, ya wuce kwafi miliyan 100. Horizon Zero Dawn na 2017, mai jaruma Aloy, ya wuce miliyan 20, alhali wani babban jami'in Sony na wancan lokaci, Shuhei Yoshida, ya taɓa faɗa da bakinsa cewa da farko ya ji fargabar sa mace a gaba. A Amurka ƙididdigar ƙungiyar kamfanonin wasannin da kanta tana nuna kusan rabin masu buga wasa mata ne. Wane irin ɗan kasuwa ne yake juya wa rabin masu sayensa baya, sannan ya ce su ne ba sa zuwa?

Mun san abin da wasu 'yan uwa za su ce a nan. Za su ce ai gara ma da ba a sa matan, tunda in an sa su tsirara ake sa su. Wannan damuwa gaskiya ce, mu ma muna da ita. Amma a duba da kyau, hannun da yake tura mace bayan kwali shi ne dai hannun da yake tuɓe ta. Lissafin guda ne: an ɗauka mai saye saurayi ne wanda ba ya son ganin mace tana da hankali da ƙarfi, amma yana son kallon jikinta. Shi ya sa wasan Evony, wanda gina gari da tara sojoji ne kawai a cikinsa, ya cika intanet a 2009 da hotunan ƙirjin mata waɗanda babu su a wasan. Shi ya sa masu Game of War suka kashe kimanin dala miliyan 40 a kan tallan da suka ɗora a kan jikin Kate Upton. Shi ya sa a 2013 kamfanin Deep Silver ya tallata wani bugu na musamman na Dead Island Riptide tare da gunkin gangar jikin mace, ba kai ba hannuwa, jina-jina, cikin ɗan kamfai, sai da jama'a suka yi ca sannan ya nemi afuwa. Irin waɗannan tallace-tallace su ne suke faɗowa kan allon wayar ɗanka yana tsakiyar wasan tseren mota. Wanda ya ce a cire mata baki ɗaya bai magance wannan ba, domin masu talla ba za su cire jikin mace ba, mutuncinta kawai za su cire. Ellie da Aloy suna sanye da tufafinsu, kuma kaya ya fita. Abin da muke nema ke nan: mace ta bayyana a matsayin mutum mai suna da aiki da labari.

Mu dawo kan launin fata. A 2006 kamfanin Sony ya kafa allunan talla a ƙasar Holan don sanar da fitowar farar na'urar PSP. Hoton: Baturiya cikin fararen kaya ta damƙi muƙamuƙin wata baƙar mace, tana zare mata ido. Sony ya ce bambancin launin na'urorin biyu kawai yake son nunawa, kuma akwai wasu hotunan da baƙar ce a sama. To amma a ƙasar da jiragenta suka yi ƙarnoni suna jigilar bayi daga gaɓar Afirka ta Yamma, a ce cikin duk waɗanda suka sa hannu babu wanda ya ga abin da hoton yake faɗa? Sai da ƙorafi ya taso daga Amurka sannan aka sauke allunan aka ba da haƙuri. Wannan yana nuna mana waɗanda suke zaune a ɗakin da ake yanke shawara, da waɗanda babu su a ciki.

Shekara guda bayan haka, a 2007, kamfanin Capcom na Japan ya saki bidiyon tallar Resident Evil 5. Bature ɗaya, Chris Redfield, riƙe da bindiga, a wani gari na Afirka mai ƙura da rana, yana harbin tarin baƙaƙen fata da wata cuta ta haukata. Ɗan jarida N'Gai Croal na mujallar Newsweek ya yi bayanin cewa wannan hoto yana da tarihi, kuma tun kafin cutar ta bayyana a bidiyon an riga an nuna mutanen garin kamar abin tsoro. Masu kare wasan suka ce ai wanda ya gabace shi a Sifaniya aka yi shi, Turawa aka harba, ba wanda ya yi magana. Amsar mai sauƙi ce. Ba a taɓa yin ƙarnoni ana zana mutanen Sifaniya a matsayin dabbobin da sai an zo da bindiga an wayar da su ba. Mu an yi mana. Da wasan ya fito a 2009, an ga Chris da abokiyar aiki 'yar Afirka, Sheva Alomar, a kwali. Amma a ciki akwai wurin da ake faɗa da mutane masu banten ciyawa da masu, kuma cikin kyaututtukan da ake ba wanda ya ci wasan akwai tufafin Sheva na ɗan ƙyallen fatar damisa. Wato ko da aka ba mu wuri, sai da aka haɗa mana da raini.

Wani zai ce ai baƙaƙe sun cika kwalayen wasanni, ga FIFA nan. Gaskiya ne, kuma wannan ma hujjarmu ce. Kylian Mbappé ya hau kwalin FIFA 21 da 22 da 23 a jere, ba a ji kamfanin EA yana kukan asara ba. Spider-Man: Miles Morales, mai jarumi baƙar fata, yana cikin wasannin da Sony ya ƙaddamar da PlayStation 5 da su a 2020, ya kuma sayar da miliyoyi. Grand Theft Auto: San Andreas na 2004, wanda babu gidan gem a ƙasar nan da bai san CJ ba, shi ne wasan da ya fi kowanne ciniki a PlayStation 2. Ashe fuskar baƙi tana sayarwa. Sai dai a duba gurbin da aka ware mata. Binciken da Dmitri Williams da abokan aikinsa suka wallafa a 2009, bayan sun ƙirga mutanen cikin wasanni 150 da suka fi ciniki, ya nuna kashi 85 cikin 100 maza ne, kashi 80 fararen fata, baƙaƙen kuma yawancinsu 'yan wasan motsa jiki ne ko 'yan daba. Ka buga ƙwallo ko ka riƙe bindigar fashi. Mai ilimi, mai mulki, mai bincike, mai ceton duniya, wannan an ajiye wa wasu.

Mu 'yan Najeriya ma mun samu rabonmu. Call of Duty: Advanced Warfare na 2014 ya kawo Legas, amma a matsayin filin harbe-harbe a kan titi. Overwatch ya kawo ɗan Najeriya, Akande Ogundimu, wanda ake kira Doomfist, a 2017, kuma shi ne ɗaya daga cikin jagororin ƙungiyar 'yan ta'adda ta wasan. Ƙwallon ma da ake tinƙaho da ita, FIFA ya fara fitowa a 1993, amma sai a FIFA 16, bayan shekara 22, aka sa mata. Ƙasashe 12 aka zaɓa, babu ko ɗaya daga Afirka, duk da Super Falcons da ta fi kowa cin kofin nahiyar, duk da Asisat Oshoala da ta zama gwarzuwar Afirka har sau 6.

Idan kuma baƙi ya fita daga gurbin da aka ware masa, sai ka ji hayaniya. Da Ubisoft ya nuna Assassin's Creed Shadows a 2024 da Yasuke a gaba, intanet ta ɗauki wuta. Yasuke mutum ne na tarihi, ɗan Afirka da ya yi wa Oda Nobunaga hidima a Japan tsakanin 1581 da 1582. Akwai Japanawa da suka yi ƙorafi a kan kurakuran al'ada a wasan, wannan haƙƙinsu ne. Amma mafi yawan masu ihu daga waje, launin fatarsa ne ya tsone musu ido. A 2017 wasan Nioh ya sa Bature, William, a matsayin jarumin takobi a Japan ta kusan wannan zamani, ba mu ji irin wannan ihun ba. Abubakar Salim, ɗan wasan kwaikwayon Birtaniya mai tushe a Kenya, wanda ya yi muryar Bayek a Assassin's Creed Origins, ya kafa kamfaninsa ya fitar da Tales of Kenzera: Zau a 2024 don tunawa da mahaifinsa da ya rasu. Sai da ya fito fili yana magana a kan zagin wariyar launin fata da aka yi ta yi masa shi da ma'aikatansa. Da ana cewa in ba ku so, ku yi naku. Ya yi nasa, aka bi shi har gida da zagi.

Ga masu cewa wasa ne kawai, muna da tambaya. Mu da muke zaune a kudu, wa ya fi mu sanin abin da hoto ɗaya yake yi wa al'umma? Kalmar aboki a harshenmu kalmar ƙauna ce. A titin Legas ta koma sunan mai gadi, mai shayi, mai gyaran takalmi, wanda ake ganin bai san komai ba. Sana'o'in nan halal ne, muna alfahari da masu yin su. Amma finafinai da barkwanci sun maimaita hoton har ya zama likitanmu da lauyanmu da injiniyanmu ba a ganinsu. Ba doka aka kafa ba, maimaici ne kawai. Har kamfanin Maliyo Games na Legas ya sa wa wani wasansa na waya suna Aboki Run. Ba mu ce da mugun nufi suka yi ba, kuma muna yaba musu da suke gina wasanni a gida. Amma hakan ya nuna cewa in ba ka cikin ɗakin, da sunan da titi ya ba ka za a tallata ka. Abin da muke ji a jikinmu in an kira mu da wannan murya, shi ne abin da kwalayen nan suke yi wa mata da baƙaƙen fata a idon duniya. Wanda ya san zafin ɗaya ba shi da uzurin raina ɗayan.

Kuma akwai shaida cewa labarinmu yana da kasuwa. A watan Agustan 2021 wasan Age of Empires III na Microsoft ya fitar da ƙari mai suna The African Royals, ya kawo Hausawa da Habashawa a matsayin al'ummomin da ake bugawa da su. Jagorar Hausawa a ciki Sarauniya Amina ce ta Zazzau, akwai mahaya masu lifidi, kuma sojojin suna amsawa da Hausa. A 2025 Civilization VII ya sa Amina cikin shugabannin da ake zaɓa. Mace, baƙa, Bahaushiya, abubuwa uku da aka ce ba sa sayarwa, ga su a jikin mutum ɗaya, kuma manyan kamfanoni sun zuba kuɗinsu a kanta. Abin farin ciki ne. Amma abin tunani ne kuma, domin a Amurka da Turai aka zauna aka yanke yadda fuskarta da rawaninta da halinta za su kasance. A Yawunde ta Kamaru, Olivier Madiba da kamfaninsa Kiro'o Games sun fitar da Aurion a 2016, da sarki da sarauniya 'yan Afirka a gaba, duk da matsalar wuta da ƙarancin jari. A Ghana akwai Leti Arts. Mu da muke da Bayajidda da Daurama da ganuwar Kano da fataken da suka ratsa Sahara, me muke jira?

Ba mu ce a hana yara wasa ba, hanin ma ba zai yiwu ba. Abin da ke hannunmu muke magana a kai. Uba ko uwa, in yaro ya kawo waya a sauke masa wasa, a dubi hoton tare da shi, a tambaye shi wane ne jarumi a nan, wane ne ake harbi, me ya sa matar nan take tsaye haka. Yaron da aka koya wa wannan tambaya ba zai haɗiye duk abin da aka miƙa masa ba. Masu gidajen gem a unguwanninmu, ku dubi fastocin da kuka manna a bango, ku ne kuke zaɓa, kuma 'ya'yan maƙwabtanku ne suke kallo. Ku bar wa 'yan mata ma damar koyon na'urar a gida, kada kwamfuta ta zama ta maza kawai, domin daga cikin masu bugawa ake samun masu ƙerawa. Matasanmu da suke karatun kwamfuta da zane, ku sani wannan sana'a ce kamar kowace, kuma masu hali a cikinmu su daina ganin jari a nan asara ne. In kuma tallar banza ta faɗo a waya, akwai wurin kai ƙara da wurin rubuta ra'ayi a Play Store, a yi amfani da su. Sony bai sauke allunansa don kunya ba, Deep Silver bai nemi afuwa don tsoron Allah ba. Mutane ne suka ɗaga murya har ta taɓa aljihu.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Mun ga inda namu yake, kuma wanda yake cin riba da yoyon ba zai zo ya toshe mana ba. Allah ya shirya mana zuriya, ya ba matasanmu basirar da za su zana fuskarmu da hannunsu.